Kujeru ko ƙungiyoyin ɗalibai: ina za mu sa gudummawar bana?

Sakataren zaure:
Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu da 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai, kwamitin gudanarwa ya umarce ni in kawo muku maganar da ba a kammala ba a taron da ya gabata, wato yadda za a kashe gudummawar da aka tara bana. Shawara biyu ce a gabanmu. Ta farko ita ce a zuba kuɗin gaba ɗaya a kujeru da gyaran tagogin ajujuwan 'yan aji ɗaya. Ta biyu kuma ita ce a ware kashi ɗaya bisa uku domin farfaɗo da ƙungiyoyin ɗalibai da suka mutu, kamar ƙungiyar muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da ta matasa manoma, da JETS ta masu sha'awar kimiyya da ƙere-ƙere, da kuma badujalar makaranta, wadda gangunanta da begilolinta suka daɗe a kulle a sito. Muna roƙon kowa ya yi magana da hujja, a kuma kiyaye mutuncin juna, domin wasu daga cikin malaman makarantar suna tare da mu a nan.

Maman Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ni dai ina bayan shawara ta farko, kuma ba na jin akwai uwar da za ta ga abin da nake gani ta zaɓi wata. Ɗana yana aji ɗaya na babbar sakandare, kuma har yau a ƙasa yake ɗaukar darasi, littafinsa a kan cinya, ya dawo gida wandonsa ya yi futu-futu da ƙura. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibai 40 ne ya kamata su kasance gaban malami ɗaya a sakandare, amma ajinsu ya ninka haka har da ɗori. Yaron da bai sami wurin zama ba, wane amfani ganga za ta yi masa? A fara gyara aji tukuna, idan Allah ya hore wani abu a gaba sai a waiwayi wasanni.

Abban Mubarak (ajin 1991):
Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Babu mai musun abin da kika faɗa, kuma shawara ta biyu ma ta bar wa kujeru kashi biyu bisa uku. Inda nake so mu tsaya mu yi tunani shi ne kiran waɗannan ƙungiyoyi da sunan wasanni, domin daga nan ne aka fara yi musu riƙon sakainar kashi har suka mutu.

Makarantarmu tana ɗauke da dubban yara. Malamin da yake shiga aji mai cunkoso irin wanda kika siffanta, ya yi minti 40 ya fita ya shiga wani, ba zai taɓa sanin sunan yawancin waɗanda yake koyarwa ba. Yaro zai iya shekara uku a wannan makaranta ba tare da wani babba ya kira shi da sunansa ba, sai fa ranar da ya yi laifi. Ƙungiya ita ce kaɗai wurin da malami yake zama da yara ashirin ko talatin, ya san wanda yake da in'ina, da wanda yake da kunya, da wanda hannunsa ya iya gyara, da wanda bai karya ba ya fito daga gida. Idan yaro bai zo ba, a nan ne ake lura, a tambayi dalili. Ina ganin wannan sanayya ita ce babbar abin da makarantarmu ta rasa, kuma rashinta yana da hannu a yawan tsallake katanga da muke kuka da shi.

Mu kuma tuna cewa wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin karatun boko a Arewa. Kwalejin Katsina, wadda ta koma Kaduna a 1938 sannan ta koma Zariya a 1949 har ta zama Barewa ta yau, ta shahara da horar da ɗalibai a kan iya magana a gaban jama'a, kuma daga can Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kaduna yake rubuta wasannin kwaikwayo da Hausa, yana amfani da su wajen sukar zalunci. Marigayi Ɗanmasanin Kano, Alhaji Yusuf Maitama Sule, da yake koyarwa a Midil ta Kano an san shi da shirya wasan kwaikwayo tare da ɗalibai, kuma kowa ya san inda fasahar harshensa ta kai shi, har ya wakilci Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya. Waɗannan bayin Allah a wajen aji suka goge abin da suka koya a cikin aji.

Malamin Lissafi:
Ranku ya daɗe. Tunda ina cikin masu koyarwa a makarantar yanzu, bari in faɗi abin da ya kashe ƙungiyoyin, domin idan ba a san ciwon ba, kuɗin da za a zuba zai bi ruwa.

Babban dalili shi ne lokaci. A zamanin su Abban Mubarak ana tashi daga aji, a huta, a dawo da yamma a yi harkar ƙungiya. Yanzu saboda yawan ɗalibai an raba makarantar gida biyu, 'yan safe da 'yan yamma, ta yadda kafin 'yan safe su gama fita 'yan yamma sun cika ajujuwan, babu ɗaki ko ɗaya da yake zama babu kowa. Yaran safe kuma yawancinsu suna da Islamiyya bayan la'asar, wasu suna zuwa kasuwa ko gareji su taya iyayensu neman abin sawa a baka.

Sai batun mai kula. Kowace ƙungiya tana buƙatar malamin da zai zama ubanta, kuma wannan aiki ne da ba a biyan ko sisi a kansa, ba a kuma duba shi wajen ƙarin girma. Abin da ya saura yana motsi a 'yan shekarun nan, masu yi wa ƙasa hidima ne suke riƙe da shi. Ɗan hidima zai zo da zafinsa ya kafa ƙungiyar 'yan jarida ko ta kiyaye haɗurra, yara su shiga da murna, shekara tana cika ya tattara ya tafi, ƙungiyar ta bi shi. Ga shi kuma tun da gwamnatin jihar Kano ta mayar da karatu kyauta a 2019, an daina karɓar 'yan kuɗaɗen da a da ake tsakura a ciki a sayi alli mai launi, ko irin shuka, ko a biya motar zuwa gasa. Rufe makarantu da aka yi a 2020 saboda annobar korona shi ya ƙarasa binne sauran, domin manyan ɗaliban da suka san yadda ake tafiyar da ƙungiyoyin sun fita ba su miƙa wa kowa ba.

Malam Liman:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ba ni da ja a kan muhawara, ko noma, ko kimiyya, kuma zan so a ƙara da ƙarfafa ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda tun 1954 take tarbiyyar matasa a ƙasar nan, da shirya yara domin musabaƙar Alƙur'ani, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara shirya ta ƙasa baki ɗaya a 1986. Inda nake da damuwa shi ne badujala. Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa tun da daɗewa, wasu sun tsananta, wasu sun yi sauƙi da sharuɗɗa, kuma akwai iyaye da yawa a cikinmu waɗanda suke bin fahimtar da ta hana. Wannan gudummawa ta kowa da kowa ce, har da su. Bayan haka ina tsoron abin da zai biyo baya, domin mun ga yadda bukukuwan kammala karatu a wasu wurare suka rikiɗe suka zama raye-raye da kiɗan da babu mai son ɗansa ya tsaya a wurin. Wa zai ba mu tabbacin cewa abin zai tsaya a fareti?

Saje mai ritaya (ajin 1984):
Allah ya gafarta Malam. Ba zan shiga fagen fatawa ba, domin ba nawa ba ne, amma zan yi bayanin abin da badujala take, tunda a makarantar nan na fara riƙe begila, kuma da ita na ci abinci a gidan soja har na ajiye aiki.

Badujalar makaranta ƙananan ganguna ne, da babbar ganga ɗaya mai riƙe taki, da faranti biyu na ƙarfe da ake haɗawa, sai begila. Aikinta shi ne taken ƙasa, da fareti, da kiran taron safe. Babu rawa a ciki, babu waƙar soyayya, kuma yaron da ya karkace kafaɗa ma sai an tsawata masa. Begila ba ta da maɓallai, sautuka kaɗan take fitarwa, kuma da leɓe da numfashi ake sarrafa su, shi ya sa ba ta da wuyar koyo kuma ba ta da saurin lalacewa. Abin da yaro yake samu a ciki shi ne sauraro da haƙuri, domin idan mutum ɗaya ya riga 'yan'uwansa da bugu ɗaya, duk filin zai ji, kuma sahun masu maci zai rikice. Na ga yaran da malamai suka sallama saboda rashin ji sun natsu a wannan layi, saboda a karon farko an ba su abin da idan ba su zo ba ba zai yiwu ba.

Akwai kuma abinci a ciki. Sojan ƙasa da 'yan sanda duk suna da sashen badujala, sojan ruwa ma suna da makarantar koyon kiɗa a Ota ta jihar Ogun, kuma yaranmu ba su cika samun waɗannan gurabe ba saboda ba su taɓa riƙe kayan ba. Abin da yake ba ni takaici shi ne ranar yara ta 27 ga Mayu, makaranta mai girman tamu ta shiga fili tana maci da kiɗan wata makaranta, alhali namu kayan suna sito. Idan an amince, ni zan koyar kyauta. Fatun ganguna ne kawai na tabbata sai an sake.

Malamar Hausa:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ina so in faɗaɗa maganar kaɗan, domin mun taƙaita kiɗa da waƙa a kan badujala, alhali akwai wani ɓangare da yake cikin manhajar da muke koyarwa, wanda kuma nake jin Malam Liman ba zai ƙi shi ba.

Duk ɗalibin da zai rubuta Hausa a jarrabawar WAEC ko NECO sai ya yi nazarin rubutacciyar waƙa da waƙar baka. Rubutacciyar waƙa kuwa an gina ta ne a kan kari da amsa-amo, kuma ba a gane karinta sai an rera ta. Yau ɗalibaina suna karanta baiti kamar masu karanta jarida, su haddace cewa wannan 'yar ƙwar biyu ce, waccan 'yar ƙwar biyar, amma kunnensu bai taɓa jin inda kari ya karye ba. A cikin minti 40 da aji cike maƙil ba zan iya sa kowa ya rera ba. Da akwai ƙungiyar Hausa mai zama sau ɗaya a mako, da a nan za su rera, su gwada tsara nasu baitocin, a gyara musu. Kuma wannan hanya ce da magabatanmu suka bi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata ta hannun jajoji, wato malamai mata masu zagayawa, da ɗalibansu 'yan taru, suna haddacewa suna kai wa ƙauyuka.

Game da kayan kiɗan gargajiya kuma, ko da ba za a kaɗa su ba, ya kamata yaro ya san su, tunda ana tambaya a kansu a jarrabawa. Da yawa daga ɗalibaina ba su iya bambance kotso da kalangu ba. Ba su san cewa kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, kotso da taushi na makaɗan fada, tambari da kakaki kuma sarki kaɗai ake yi wa ba. Wannan ilimin zaman jama'a ne, yana nuna yadda kowace sana'a take da matsayinta da takenta. A ƙaramar sakandare an haɗe kiɗa da zane da wasan kwaikwayo a darasi guda da ake kira CCA, kuma saboda malaman da suka karanci kiɗa sun yi ƙaranci ƙwarai a wajenmu, yawanci malamin zane ne yake ɗauka, sai ya koyar da abin da ya sani ya tsallake sauran. Na san akwai iyayen da suke gudun kada a ce ɗansu ya zama maroƙi, kuma na fahimci wannan, amma ziyarar gidan tarihi na Gidan Makama ko gayyato masani daga Jami'ar Bayero ya yi wa yara bayani ba za ta mayar da kowa maroƙi ba.

Ɗan ajin 2016:
Ina neman afuwar manya, ni ƙarami ne a nan, amma ban daɗe da barin makarantar ba, kuma akwai abin da nake tsoron a maimaita. A lokacinmu akwai ƙungiyoyin a rubuce, sai dai ba sa motsi sai an ce baƙi za su zo ko an aiko da takardar gasa. A ranar sai a tsamo yaran nan guda biyar ko shida da kullum su ne, a rubuta musu jawabin muhawara su haddace, a kawo wani abin da babba ya haɗa a ce 'yan JETS ne suka ƙera. Mu sauran muna kallo daga nesa. Idan irin wannan za a farfaɗo da ita, gara a sayi kujerun Hajiya.

Sannan ina so Malam Liman ya duba wani abu. Yaran nan ba su rabu da kiɗa ba don makaranta ta kulle ganguna. Yana cikin wayoyinsu dare da rana, wasu ma suna tara kuɗin tara su je situdiyo a titin gidan Zoo su ɗauki waƙa, ba tare da wani babba ya ji abin da suke faɗa a ciki ba. Ni a ganina gara mai wannan baiwa ya zauna gaban Malama ta ji baitinsa, ta ce masa wannan ya yi, wannan bai dace ba.

Baba Malam (shugaban makaranta mai ritaya):
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma yaron nan na ajin 2016 ya taɓo inda ciwon yake. Lokacin da nake riƙe da makaranta, dokar ita ce kowane ɗalibi sai ya yi rajista a ƙungiya ɗaya aƙalla, kowace ƙungiya tana da littafin kiran suna, ɗalibai ne suke zaɓen shugabansu da sakatarensu da ma'ajinsu, kuma ƙarshen kowane zango uban ƙungiya yana kawo mini rahoto a rubuce. Matasa manoma suna da kunyoyinsu a bayan ɗakin gwaje-gwaje, su shuka gyaɗa da wake, a sayar a sa kuɗin a asusunsu, su da kansu su rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. 'Yan jarida suna liƙa labarai a allon sanarwa kowace Litinin, su karanta a taron safe da Hausa da Turanci. Yawancin wannan bai ci kuɗi ba, tsari ya ci da sa ido.

Saboda haka shawarata ita ce kada ku sayi komai sai kun sami mutum. Duk ƙungiyar da ba ta da malami na dindindin da ya amsa da bakinsa cewa zai riƙe ta, a bar ta tukuna. Ɗan hidima ya zama mataimaki kawai. Ku fara da uku, muhawara da Hausa da noma, ku ga yadda shekara za ta kaya. Kuɗin da za ku ware, mafi yawansa ya tafi ga ɗan alawus na malaman da za su tsaya bayan an tashi, domin mai iyali ba zai bar abin da yake ƙarawa da shi da yamma ya zauna da yaranku a kan babu ba. Kuma ku bi ta hannun shugaban makaranta da kwamitin al'umma mai sa ido kan makaranta, wato SBMC, kada ku shiga masa gida ta taga. Badujala kuwa, tunda Saje ya ba da kansa, da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an warware damuwar Liman.

Malamin Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Game da lokaci, akwai mafita ɗaya da nake gani. Yawancin Islamiyyu da makarantun allo a garin nan suna hutu Alhamis da Juma'a, don haka yammacin Alhamis yaran safe ba su da wani karatu. Ajujuwa suna cike da 'yan yamma, amma akwai babban ɗakin taro, da ɗakin karatu, da inuwar bishiyoyin darbejiya da ke gefen fili. 'Yan yamma kuma sai a ba su safiyar Alhamis ɗin kafin su shiga aji. Ni na amsa zan riƙe JETS idan an sa ta cikin na farko, da sharaɗin cewa abin da yara suka haɗa da hannunsu shi za mu nuna, ko da bai yi kyan gani ba.

Maman Sadiq:
Na saurari kowa, kuma maganar Abban Mubarak ta cewa ba a san yaro da sunansa ba ta tsaya mini a rai, domin na taɓa zuwa neman bayani a kan ɗana aka rasa malamin da ya gane shi. Duk da haka kashi ɗaya bisa uku ya yi mini yawa, tunda Baba ya ce abin ba kuɗi yake ci ba. A mayar da shi ɗaya bisa huɗu. Ina kuma da sharuɗɗa biyu a matsayina na uwa. Yara su tashi da wuri yadda za su isa gida kafin magariba, saboda masu ƙwacen waya da ke tare hanya. Sannan kada a wayi gari a ce mu ɗinka wata riga ta musamman ko mu biya kuɗin rajista, domin da zarar an sa kuɗi, 'ya'yan masu hali ne kaɗai za su rage a ciki.

Malam Liman:
Malama ta yi magana mai kyau, kuma ina goyon bayan ƙungiyar Hausa da rera waƙoƙi masu ma'ana, zan ma so a haɗa da waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi. Ɗana na ajin 2016, na ji hujjarka, kuma ban raina ta ba. Amma a kan badujala ina nan a kan fahimtata. Abin da zan iya amincewa da shi shi ne kada a taɓa gudummawar gama-gari a kanta, waɗanda suka gamsu su haɗa nasu daban su gyara gangunan. Kada a sa yaro sai da izinin mahaifinsa a rubuce, kada atisaye ya ci lokacin salla, kuma kada a ba da aron kayan ko yaran zuwa biki ko taron siyasa.

Abban Mubarak (ajin 1991):
Allah ya gafarta Malam, sharaɗinka na ƙarshe ma ya fi kowanne muhimmanci a wajena, domin idan lokacin zaɓe ya zo za a nemi yaran. Mu 'yan ajin 1991 za mu tattauna a tsakaninmu a kan fatun gangunan. Inda ban gamsu da Baba ba shi ne barin wasan kwaikwayo a baya, domin shi ne yake ɗaukar yara da yawa a lokaci guda, har da waɗanda ba su da ƙarfi a karatu, kuma ba ya buƙatar komai sai fili da tsofaffin riguna. Ina roƙon a sa shi ƙarƙashin ƙungiyar Hausa idan Malama za ta iya ɗauka.

Malamar Hausa:
Zan iya, Yaya, idan an haɗa ni da malami namiji guda ɗaya, saboda makarantar maza ce kuma zaman na yamma ne.

Sakataren zaure:
Na rubuta duk shawarwarin. Abin da za a kaɗa ƙuri'a a kansa a taro mai zuwa shi ne kashi ɗaya bisa uku ko ɗaya bisa huɗu, da kuma ko JETS za ta shiga sahun farko tare da muhawara da Hausa da noma. Har yanzu ba mu sami malamin da ya amsa riƙe muhawara da noma ba, don haka muna roƙon Malamin Lissafi ya tuntuɓi abokan aikinsa kafin ranar. Kwamiti zai nemi ganin shugaban makaranta a kan batun Alhamis.

Saje mai ritaya (ajin 1984):
Sakatare, idan za ku je wurin shugaban makaranta ku sanar da ni in bi ku, a nemi izini a buɗe siton in duba kayan da idona. Sai na ga ko bakunan begilolin suna nan, da kuma ko gara ta taɓa jikin gangunan, kafin in faɗa wa 'yan ajin 1991 abin da za su tanada.